Kura, rijiya da mai tunkiya ɗaya: amsa ga wata ɗaliba a Gadarif

Wata ɗalibar adabi ce a ƙasar Sudan ta aiko da wannan tambaya: "Malam, yaƙi ya tashe mu daga Wad Madani, yanzu muna Gadarif a gidan kawuna. Na rubuta gajeren labari a kan abin da idona ya gani, na sa kura a matsayin azzalumi, akuya a matsayin talaka. Ƙawayena suka karanta suka ce bai taɓa zuciyarsu ba. Kuma na lura a labarai da yawa, mai ƙarfi da marar ƙarfi duk su kaɗai ake nuna su. Me ya haɗa kaɗaici da mulki da zalunci? Wace alama ya kamata in ɗauka?"

Ɗiyata, Allah ya mayar da ku gida lafiya, ya jiƙan waɗanda aka rasa. Ƙawayenki sun faɗa miki gaskiya, amma kada ki ɗora laifin a kan alƙalaminki. Kura ce ta ba ki kunya. Ki tuna yadda take a tatsuniyoyin da kakanninmu suka ɗauko daga ƙasar Hausa suka kawo nan bakin kogin Nilu: mai kwaɗayi ce, matsoraciya, wawuya, kullum Gizo na yi mata wayo, kullum a ƙarshe ita ke kwasar kashinta a hannu. Yaro Bahaushe in ya ji an ambaci kura a tatsuniya, dariya yake shiryawa. Karin magana ma cewa ta yi kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, wato ita kanta akwai mai cin guminta. To ke kin ga abin da ya hana ki barci wata da watanni, sai kika ɗora shi a kan dabbar da mai karatu ya saba yi wa dariya tun yana goye. Ina zai ji tsoron da kika ji? Ga shi kuma tun daga layin farko ya san kura za ta ci akuya, babu abin da ya rage masa ya jira.

Akwai wani abin da ya fi wannan nauyi. A ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, an ambaci kerkeci, an kawo riga da jini, amma kerkecin bai taɓa kowa ba. Har yau Larabawa in suna son wanke mutum sai su ce ya kuɓuta kamar yadda kerkeci ya kuɓuta daga jinin ɗan Yaƙub. Waɗanda suka yi aikin 'yan'uwa ne, uba ɗaya, masu cin tuwo a kwano ɗaya da shi. Duk marubucin da ya gaggauta jingina zalunci ga naman dawa, ya sauƙaƙa wa mai karatu, domin ya ba shi damar cewa wannan ba irina ba ne. Zaluncin da ya fi ciwo yana da fuskar mutum, wani lokacin ma ka san sunan mahaifinsa.

Kin tambayi abin da ya haɗa kaɗaici da zalunci. Shekarun da na yi ina koyar da adabi sun tsayar da ni a kan abu ɗaya: a labari mai kyau, azzalumi ba ya fara duka sai ya ware mutum daga jama'arsa. Warewar ita ce rabin aikin. 'Yan'uwan Yusuf sun ce su jama'a ne masu ƙarfi, amma duk da yawansu ba su iya taɓa shi a gaban mahaifinsa ba, sai da suka roƙa a bar shi ya bi su daji ya yi wasa. A farkon Suratul Ƙasas, kafin a faɗi cewa Fir'auna yana yanka 'ya'ya maza, sai da aka faɗi cewa ya mayar da mutanen ƙasar ƙungiya-ƙungiya, sannan ya raunana wani ɓangare daga cikinsu. Hadisin da ke kwaɗaitar da sallar jam'i ya ce kerkeci tunkiyar da ta yi nisa da garke yake ci. Ke ma da kika yi makaranta a nan kin san labarin bijimai uku da zaki, fari da ja da baƙi, yadda zaki ya lallaɓa biyu suka bar shi ya ci farin, da abin da na ƙarshe ya faɗa da aka zo kansa, cewa tun ranar da aka ci farin sa aka cinye shi. Bahaushe ya taƙaita duka da cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Mai ƙarfi ya san wannan karin magana fiye da talaka, shi ya sa aikinsa na farko shi ne rage yawan.

Ki duba tatsuniyar 'yar Bora da 'yar Mowa, yadda kakata ta ba mu ita a kan angareb, gadon igiya, a tsakar gida a garin Mai Wurno. Ba a ɗauki wuƙa an yanka 'yar Bora ba. Aika ta aka yi. Aka ce ta je ruwan Bagaja ta wanke ƙirgi, wurin da babu wanda ya san nisansa, ita kaɗai, ba rakiya, ba guzurin kirki. Mahaifinta yana gidan bai ce uffan ba, kuma wannan shirun nasa yana cikin zaluncin, ko da yake mai tatsuniya ba ta tsayawa ta yi masa sharhi. Abin da nake so ki kula da shi shi ne yadda kaɗaicin yarinyar yake. Duk abin da ta tarar a hanya, kogi ne, tsohuwa ce, abin tsoro ne, sai ta gaishe shi da ladabi, ta yi abin da aka sa ta. An raba ta da mutanen gidansu, sai duniya gaba ɗaya ta zama abokiyar maganarta. Da 'yar Mowa ta bi wannan hanyar da kanta, da gata da guzuri, ba ta gaida kowa ba, ta raina duk abin da ta gani, ta dawo da masifa. Hanya ɗaya suka bi, kowacce ita kaɗai, amma ɗaya kaɗaicinta ƙofarsa a buɗe take, ɗaya kuma ta kulle tata da hannunta. Wannan shi ne bambancin da kika hango kika kasa ba shi suna. Marar ƙarfi jefa shi aka yi cikin kaɗaici. Mai ƙarfi shi ya gina nasa, tubali bayan tubali, yana zaton katanga yake yi wa kansa.

In za ki nemi alama ɗaya da ta ɗauki abubuwan nan uku a cikinta, ni rijiya zan nuna miki, domin na daɗe ina mamakin yadda take bin labaranmu. Ta farko rijiyar Yusuf ce: ƙasa, duhu, ba a jin muryarka, sama kuwa ɗan da'ira ne kawai kake hangowa. Wannan kaɗaicin wanda aka zalunta ne, kuma a nan cikin ramin ne aka yi masa wahayi cewa wata rana zai ba su labarin abin da suka yi.

Ta biyu ita ce Kusugu ta Daura. Maciji ya zauna a ciki, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, kuma sunan da ake kiran macijin da shi Sarki. Ki tsaya a kan wannan suna. Macijin bai haƙa rijiyar ba, ba ya iya shanye ruwanta, abin da ya mallaka kawai shi ne hanawa. Ban san wani hoto na mulkin danniya da ya fi wannan daidai ba. Gari guda, da sarauniya da mayaƙa, sun saba da ƙishirwa har sun mayar da ita tsarin mako. Wanda ya kashe macijin baƙo ne, Bayajida, da ya sauka gidan tsohuwa Ayana da dare ya nemi ruwa aka ce babu. Bai fi mutanen garin ƙarfi ba. Abin da ya fi su da shi shi ne bai saba ba. Macijin nan kuma shi kaɗai yake kwana a ramin da ya hana kowa.

Ta uku tana cikin Kalila wa Dimna, littafin da asalinsa daga Indiya yake, ya biyo ta Farisa, Ibnul Muƙaffa ya mayar da shi Larabci a ƙarni na 8. Namun daji sun gaji da farautar zaki, suka yi yarjejeniya za su riƙa aika masa da ɗaya daga cikinsu kullum. Ranar da ƙuri'a ta faɗa kan zomo sai ya makara da gangan, ya ce wani zaki ne ya tare shi a hanya ya ƙwace abincin. Zaki ya ce a kai shi. Zomo ya kai shi bakin rijiya, ya leƙa, ya ga zaki yana hararar sa, ya daka tsalle. Mutane suna ba da labarin nan don yabon wayon zomo, amma ni abin da ke kama ni shi ne zakin. Ya daɗe ba wanda yake kallon sa ido cikin ido, har ya manta kamannin fuskarsa. Ranar da ya ga wani daidai da shi, bai iya tunanin komai ba sai kisa.

A littafin nan dai akwai babin zaki da sa. Zaki ya ji kukan sa daga nesa, bai taɓa jin irinsa ba, tsoro ya kama shi ya kasa fita, kuma ya ɓoye wa fadawansa, domin sarki ba shi da wanda zai ce wa ina jin tsoro. Dila Dimna ne ya gane, ya kawo san, suka zama aminai, sannan hassada ta sa ya shiga tsakani har zaki ya kashe aboki ɗaya tak da ya taɓa samu. Wanda ya fassara littafin ya san fada ciki da bai, magatakarda ne, kuma a hannun masu mulki ya rasa ransa a Basra zamanin halifa Mansur. Da kika ce kin ga ana nuna mai ƙarfi shi kaɗai, ga dalilin. Duk maganar da za ta iso kunnensa sai ta bi ta bakin mai neman wani abu a wurinsa.

Al'adar sarautarmu ma ta san wannan, ta kuma mayar da shi ado. Amawali ya rufe bakin sarki, dogarai su baza riguna su kare shi in zai sauka daga doki ko zai zauna, ba a ganin sa yana cin abinci. Ban kawo wannan don zargi ba, kwarjini ne, kuma sarakuna adilai sun yi zamani a cikinsa. Amma marubuci yana ganin labule a kan labule. Sai ki ajiye wannan hoton kusa da wasiyyar da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi wa Mu'azu da zai tura shi Yaman, cewa ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, domin babu shamaki tsakaninta da Allah. Mai iko yana bayan labule bakwai, na cikin rijiya kuwa babu ko ɗaya a kansa. Wanda ya fahimci wannan juyin ya fahimci yawancin adabin Musulmi a kan zalunci.

Akwai wata ƙissa da nake so ki karanta a hankali kafin ki sake taɓa labarinki, tana cikin Suratu Sad. Masu husuma biyu suka haura katanga suka shiga wurin Annabi Dawuda. Ɗaya ya ce wannan ɗan'uwana ne, yana da tumaki 99, ni ina da ɗaya, ya ce in ba shi ita, kuma ya rinjaye ni a magana. Ba takobi, ba jini. Lissafin kaɗai ya isa: 99 da 1. Mai tunkiya ɗaya ya san tunkiyarsa, ya san kukanta, wancan kuwa cikon ɗari yake nema. Jimlar ƙarshen nan, ya rinjaye ni a magana, ita ce mafi zafi a wurina, domin na ga irinta da idona. Ina yaro na raka wani dattijo ɗan'uwanmu wani ofis a kan maganar takardar zama ɗan ƙasa. An haife shi a ƙasar nan, an haifi mahaifinsa a ƙasar nan. Ma'aikacin bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba, tambayoyi kawai ya riƙa jero masa da Larabcin ofis, da sauri, har tsohon da ya sauke Alƙur'ani ya rasa bakin magana, ya tsaya yana murza hularsa. Da muka fito bai ce mini komai ba har gida. In kina son mai karatu ya ji zalunci a jikinsa, wannan hular da ake murzawa ta fi kura goma.

Tururuwar Suratun Namli ma tana da nata darasin ga marubuci. Ta ce wa 'yan'uwanta su shiga gidajensu kada Sulaimana da rundunarsa su tattake su alhali ba su sani ba. Sarkin adali ne, Annabi ne, amma ƙarami ya san ana iya murƙushe shi ba da niyya ba. Abin da ya bambanta Annabi Sulaimana shi ne ya ji ta. Sau da yawa a labari ba sai kin mayar da mai ƙarfi dodo ba, ya isa ki nuna bai ji ba.

Ke da kike da harsuna biyu kina da wata dukiya. A Larabci kalmar wahsha, wato kewa da kaɗaicin da ke tsorata zuciya, tushenta ɗaya da wahsh, naman dawa. Harshen da kansa ya ce wanda ya rabu da mutane ya kusanci dawa, ko a matsayin abin farauta ko a matsayin mai farauta. Sai kuma ga halwa. Mu a Hausa in an ce malam ya shiga halwa, ya keɓe kansa ne don ibada, a Sudan kuwa makarantar allo ita ake kira halwa, wurin da ya fi ko'ina hayaniyar yara da hasken wutar karatu. Halwar malamin nan ita ce kaɗaici na uku, wanda mutum ya zaɓa don kada a mallake shi. Tarihinmu a ƙasar nan daga irinsa ya fito. Sarkin Musulmi Attahiru ya bar Sakkwato da Turawa suka ci ta a 1903, ya nufi gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. Sun zaɓi baƙunci a kan zama ƙarƙashin wanda ya fi su bindiga. Karin magana ta ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, ga mu kuwa fiye da shekara 100 raɓar ba ta bushe ba. Labarinki na gudun hijira daga Madani a Disamban 2023 yana da kaka, ko kin ambace ta ko ba ki ambace ta ba.

Alamun da za su yi miki aiki suna nan kewaye da ke, ba sai kin aro daga dawan da ba ki taɓa shiga ba. Ke 'yar Jazira ce, yankin noman da Wad Madani ke cikinsa. Tun da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka faɗaɗa noman auduga, rayuwar yankin a kan ruwan tur'a take, wato magudanar ban ruwa, kuma ruwan yana da ƙofa, ƙofar tana da gafir, wato mai gadinta, bayan gafir akwai mufattish, jami'in da ke duba gonaki. A zamanin Ingilishi mufattish yana zaune a saraya, gida babba shi kaɗai a tsakiyar gonaki, nesa da ƙauye. Can gefen tur'a kuma ga kambo, bukkokin leburorin da ke tsinkar audugar, yawancinsu mutanen yamma da irin namu, waɗanda ba su da hawasha, wato gona, tasu ta kansu. Saraya da kambo, ruwa ɗaya ya ratsa su, kowanne a ware. Ga Kusugu nan a gabanki da ƙofar ƙarfe. Ko ki ɗauki kashin dankali a kasuwar Gadarif, manya a sama ƙanana a ƙasa, wanda Bahaushe ya riga ya mayar da shi sunan danniya. Ko kuka, wadda a tatsuniyarmu gidan iskoki ce da ake tsoron wucewa ta ƙarƙashinta da tsakar rana, amma a Kurdufan, inda ake ce mata tabaldi, ana rarake cikinta a tara ruwan damina, ta shayar da ƙauye da matafiya a rani. Itace ɗaya tsaye shi kaɗai a fili, wani ya gan shi dodo, wani ya gan shi randa. Ko gawo, haraz a bakin mutanen nan, da ke zubar da ganye lokacin da kowa ke tsanwa, ya yi ganye lokacin da kowa ya bushe, har Sudanawa na buga misali da gabarsa da ruwan sama. In kina da mutum a labarinki da ya ƙi bin abin da kowa ya bi, kin sami itacensa.

Abu ɗaya nake roƙon ki da shi, kuma da gaske nake. Kada ki bari dabba ta tsaya a madadin wata ƙabila. Mun ga abin da ya faru a jihar Nilu Shuɗi a 2022, mun binne mutane, kuma kafin a ɗauki makami sai da aka fara kiran juna da sunayen da ke cire mutum daga cikin mutane. Dabbantarwa makami ne mai kaifi biyu. A tatsuniya kura hali ce da kowa zai iya samu a cikin kansa. Ranar da ta zama sunan wasu mutane, marubuci ya shiga aikin Fir'auna na raba jama'a ƙungiya-ƙungiya, ko da kuwa shi ne aka zalunta jiya.

A wasiƙarki kin ambaci wani abu a gefe, kamar ba shi da muhimmanci. Kin ce ranar da kuka fito, mahaifiyarki ta kulle ƙofar gida ta ɗaura makullin a bakin mayafinta, kuma har yau yana nan ɗaure, tana taɓa shi in tana lazimi. Ki cire kurar da akuyar. Ki fara labarin daga makullin nan, ki bi shi shingen bincike bayan shingen bincike, ki nuna mana hannun yaron da ke riƙe da bindiga yana juya shi yana tambayar na mene ne, yaron da wataƙila shi ma rabonsa da ganin uwarsa ya fi shekara. Kada ki faɗa mana abin da makullin yake nufi. In kin gama ki ba ƙawayen naki su sake karantawa, sannan ki aiko mini, ina jira.